Ɗana ya kai wata 10, ihu kawai yake yi: me zan yi masa kafin bakinsa ya buɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fari watansa 10. Ba ya cewa komai sai "ba-ba-ba", in kuma yana son abu sai ihu. Sau da yawa ban san abin da yake so ba, haka za mu yi ta fama har ya gaji ya yi barci. A gidan surukaina muke, kuma in na zauna ina yi masa hira sai a yi ta mini dariya, a ce ba ni da kunyar ɗan fari, wai ma me jariri ya sani. Babansa ya zuba masa katun na Turanci a waya don bakinsa ya buɗe da wuri. Wata ƙawata kuma ta ce a Turai ana koya wa jarirai magana da hannu. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka.

Duba yaran da ji ko magana ke ba su wahala shi ne aikina, don haka bari in fara kwantar miki da hankali. Yaro ɗan wata 10 da yake jera "ba-ba-ba" yana kan hanya. In aka kawo mana yaro mai waɗannan watanni, wannan gwarancin muke kasa kunne mu ji. Rashinsa ne ke tayar mana da hankali, ba rashin kalma ba. Kalmar farko mai ma'ana takan zo ne wajen cikar shekara. Wani ya riga da kaɗan, wani ya kai wata 15, kuma duk lafiyarsu ƙalau.

Amma akwai inda ban yarda da ke ba. Kin ce ba ya cewa komai. Yana cewa. Ihun da kike ji ƙarshen zancen ne, ba farkonsa ba. Gobe in kin zaunar da shi a tabarma, ki zuba masa ido na ɗan lokaci kada ki ce uffan. Za ki ga idonsa ya sauka kan kofin ruwa. Ya tsaya cak. Ya karkata jikinsa wajen, ya miƙa hannu, yatsun na buɗewa suna rufewa. Sai ya waiwayo ya dube ki, ya sake duban kofin, ya yi ɗan gurnani, "eh, eh". Duka-duka bai fi daƙiƙa goma ba, amma a ciki ya roƙe ki ruwa sau huɗu ko biyar. Sai da ya ga ba wanda ya kula tukuna ya buɗe maƙogwaro. Yaron da aka saba amsa masa tun a kallo da miƙa hannu yakan rage ihu, don ya gane akwai hanya mai sauƙi. Wanda ba a motsa masa sai ya tsala ihu, an koya masa ke nan ihu ne ke aiki, kuma ba laifinsa ba ne in ya riƙe karatun.

Wannan waiwayen, daga kofi zuwa fuskarki, daga fuskarki ya koma kan kofi, a wurina ya fi kalma goma daraja a wannan matakin. Alama ce ya gane cewa ana iya jawo hankalin mutum zuwa ga wani abu, ku duba shi tare. Daga nan nuni da yatsa ke fitowa, galibi tsakanin wata 9 da 14, daga nuni kuma sunayen abubuwa ke biyowa.

Hirar taku ma ta daɗe da farawa. Tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, yake jin muryarki, shi ya sa sabon haihuwa ke bambanta muryar uwarsa da ta sauran mata. Idon jariri ba ya cin nisa. Inda ya fi gani tsaf shi ne kamar santimita 20 zuwa 30, wato tazarar fuskarsa da taki in yana shan nono. Wajen sati 6 zuwa 8, kina gama arba'in ke nan, ya fara mayar miki da murmushi, sai "aaa" da "uuu" da "agu". Wajen wata 4 ya fara ƙyalƙyala dariya. Tsakanin wata 6 da 10 leɓe da harshe suka shiga aiki, aka sami "ba-ba" da "da-da" ɗin da kike ji yanzu.

A duk waɗannan matakan, abin da yake koyo wanda ya fi sautin kansa shi ne karɓa-karɓa: in yi, ki yi, in sake yi. Kin san yadda mata biyu ke lugude a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, kowace na sauraron ta 'yar'uwarta, wadda ta yi gaggawa sai taɓare su haɗu. Haka hira da jariri take. Ya ce "ba-ba", ki dube shi ki ce "ba-ba", ki ƙara da "Baba ya tafi kasuwa", sannan ki yi shiru.

Shirun nan shi ne inda manya suka fi faɗuwa. Mu manya da wuya mu bar daƙiƙa ɗaya ta wuce a hira ba a amsa ba, shi kuwa jariri yana buƙatar lokaci kafin ya harhaɗa abin da zai mayar. Ki ƙirga biyar, kai har goma, a zuci, fuskarki a sake, girarki a ɗage kamar mai jiran labari. Zai amsa, ko da murya, ko da harba ƙafa, ko da murmushi kawai. Duk wanda ya yi, ki karɓa a matsayin amsa, ki mayar masa. Uwar da ke zuba surutu ba tsayawa ba ta fi mai shiru da nisa ba, don ita ma ba ta bar masa gurbin da zai shiga ba. In kuma ya kawar da kai, ko ya fara murza ido, ko ya banƙare, cewa yake ya gaji. Wannan ma magana ce, a girmama ta a ƙyale shi ya huta.

Masu cewa me jariri ya sani, da za su ga wani gwaji da wani masani Ba'amurke, Edward Tronick, ya yi tun a shekarun 1970, da sun rage faɗa. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska ta tsaya ƙiƙam na minti biyu, ba murmushi ba magana. Jaririn sai ya shiga ƙoƙarin dawo da ita: ya yi murmushi, ya yi ƙara, ya miƙa hannu. In abin ya faskara ya kawar da kai ya fashe da kuka. An maimaita gwajin nan sau ba adadi, kuma har ɗan wata 3 yana nuna ya san an yanke masa hira.

Sai batun kunyar ɗan fari, wanda na san shi ya fi ci miki tuwo a ƙwarya. Ba zan ce ki yi fito-na-fito da surukarki ba. Ni ma a gidan Hausa na tashi, na san darajar kara. Amma ki duba al'adar da kyau. Da ta ce uwa ta kawar da kai daga ɗan fari, ba ta bar yaron a yashe ba. Miƙa shi ta yi ga kaka da gwaggo da inna da yayye. Ki lura da yadda tsohuwa ke yi da jikanta namiji. Za ta ɗora shi a cinya ta fuskance shi: "Mai gida, yau ma ba cefane? Wannan miji nawa rowa gare shi!" Ta tsaya tana dubansa. Ya wangale baki. Ta ce, "Au, dariya ma kake mini?" Ta sake jira. Ya yi "aaa", ta ce, "Ƙarya kake, ba ka ba ni ko sisi ba." Wallahi wannan shi ne abin da muke zaunar da iyaye muna koya musu a asibiti: fuska da fuska, murya mai hawa da sauka, jira, da ɗaukar duk motsin yaro a matsayin amsa. Mai cewa me jariri ya sani ita ce gwanar abin, ba ta dai ɗauke shi karatu ba ne.

Inda aka samu matsala shi ne yanzu gidaje sun watse. Amarya tana zaune ita kaɗai daga ita sai jariri, ko kuma gidan cike yake amma kowa ya sunkuya kan waya. Kunyar tana nan, hannuwan da ke cike gurbinta sun tafi. Ke kam tunda a gidan yawa kike, arziki kika samu. Ki jawo tsohuwar a jiki. Ki ce mata, "Inna, ke kaɗai yake yi wa wannan surutun, ni ba ya kula ni haka." Za ki ga ta ƙara ƙaimi. Ke kuma kina da ɗakinki, kina da lokacin wanka, da shafa mai, da canza masa kaya, da shan nono, da asuba in ya farka kowa na barci. Kunya ta tsakar gida ce, ba ta bin mutum har uwar ɗaka.

Abu ɗaya zan roƙa a nan. Tunda ba kya kiran sunansa, ki tsayar masa da laƙabi ɗaya, ki riƙa kiransa da shi kullum. Yaro a gidanmu yakan tashi da suna huɗu ko biyar, kowa da nasa. Ba laifi, zai iya da su daga baya, amma yanzu yana buƙatar guda ɗaya da yake ji a kai a kai har ya san shi ake nufi. Mu ma da shi muke gwada ko yana waiwayowa in an kira shi.

Kuma ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A ƙauyukan Wolof na yankin Kaolack a Senegal, an tarar ana hana uwa yawan yi wa jariri magana ko zuba masa ido, don tsoron kada a jawo masa iskoki. Wata ƙungiya mai suna Tostan ta shiga ƙauyukan tana zama da iyaye da dattawa da malaman addini a kan batun. Masu bincike suka bi diddigi, suka fitar da sakamako a 2017: bayan shekara guda, iyayen da suka shiga shirin sun ƙara yawan magana da 'ya'yansu sosai, yaran su ma bakinsu ya fi na yaran ƙauyukan da shirin bai kai ba. Abin da ya burge ni, ba da zagin al'ada aka yi nasarar ba, da manyan gari aka yi.

Kada dai a ruɗe da hayaniyar gida. Yaron da ke tsakiyar mutum goma suna hirarsu yana tsintar wani abu, amma a wannan shekarun maganar da aka fuskance shi da ita, a kan abin da yake kallo, ita ta fi zama a kansa. Goyo ma haka. Goyo alheri ne, yana kwantar wa yaro hankali, yana jin muryarki ta cikin jikinki. Sai dai a baya ba ya ganin bakinki. Ki riƙa yi masa magana ta kafaɗa kina aiki, "ga akuya can, ta shigo za ta ci mana dusa", amma in kin sami sarari ki sauke shi ki zaunar a gabanki, kina tsince shinkafa ko gyaran zogale yana ganin fuskarki.

Yanzu waya. Babansa niyyarsa kyakkyawa ce, amma katun ba zai buɗe masa baki ba, kuma wannan ba ra'ayina ba ne kawai. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Seattle suka ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kawai suke ji a gida. Wasu aka zaunar da su da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatun littafi, zama 12 cikin kamar wata guda. Wasu aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin suna faɗin abu iri ɗaya, wasu kuma murya kawai aka kunna musu. Da aka gwada, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambanta sautukan Sinanci da kunnen mai jin Turanci ba ya rabewa. 'Yan talabijin da 'yan murya kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Dalili a fili yake: allo ba ya jira, ba ya ganin inda idon yaro ya sauka, ba ya amsa "ba-ba". Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya kallon allo sam, ɗan shekara ɗaya ma ba ta so, ɗan shekara 2 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a rana. Kiran bidiyo da kakarsa ta wajen uwa ko babansa in ya yi tafiya daban ne, don can akwai mai amsawa.

Wayar da ta fi ba ni tsoro ma ba wadda ke hannun yaro ba ce, ta hannun uwa ce. Mace tana shayarwa, yaro ya kafe ta da ido yana jira, ita tana WhatsApp. Fuskar mai kallon waya da fuskar da aka ce uwa ta ɗaure a gwajin can ba su da wani bambanci a wurin jariri. Ban ce ki jefar da ita ba. Ki dai ware lokacin nono da na abinci ki kife ta.

Game da Turanci, ki yi masa harshen da kika fi sakewa a ciki, wanda kike iya zolaya da lallashi da waƙa da shi. Watannin nan da yake ciki ma na musamman ne. Janet Werker a Kanada ta nuna tun 1984 cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambanta sautukan harsunan da ba su taɓa ji ba, amma zuwa wata 10 zuwa 12 kunnensu ya fara tsayawa kan na harshen gidansu. Wato a yanzu haka kunnen ɗanki yana zama ne a kan bambancin k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, da hawa da saukar muryar Hausa, abubuwan da baƙo ke shekaru yana fama da su. In akwai mai Fulatanci ko Kanuri ko Zabarmanci ko Turanci a gidan, kowa ya yi masa nasa. Harshe biyu ba ya rikita yaro, ba ya kuma hana shi magana. Yaron da ya kafu a harshen uwarsa, Turancin makaranta ba zai gagare shi ba.

Maganar ƙawarki gaskiya ce. Tun shekarun 1980 wasu masana a Amurka suka yaɗa koya wa jarirai masu ji 'yan alamu da hannu, tunda hannu yana riga baki nuna. Binciken da aka yi da kyau daga baya bai nuna cewa yana sa yaro ya fi tsaransa magana ba, bai kuma nuna yana jinkirta ta ba. Amfaninsa shi ne rage irin faman da kike yi, kuma yana tilasta wa uwa ta riƙa kallon ɗanta. Ba sai kin kwaso alamun Turawa ba, muna da namu. Yaron Bahaushe kafin ya yi magana ya iya tafi, ya iya ɗaga hannu biyu a ɗauke shi, ya iya juya tafin hannu ya nuna babu, ya iya maƙe kafaɗa in ya ƙi, ya iya shafa addu'a in ya ga an shafa. Wa ya kai shi aji? Gani ya yi ana yi.

To ki ɗauki uku ko huɗu waɗanda suka shafi rigimarku ta kullum: ruwa, ƙari, ya ƙare, barci. Kowace ki tsayar mata da alama ɗaya mai sauƙi, kamar kai hannu baki don ruwa, juya tafin hannu don ya ƙare. Sharaɗin shi ne kullum alama da kalma tare, kuma a lokacin da abin ke faruwa. Kina ba shi kunu, ki tsaya da cokalin a sama, ki dube shi ki ce "ƙari?" tare da alamar, ki jira, sannan ki ba shi. Zai ɗauki makonni kafin ya mayar, kuma tasa alamar ba za ta fito daidai da taki ba. Ki karɓa haka nan. Kada ki hana shi abinci ko ruwa wai sai ya yi, ba horo ake yi ba.

Akwai wata ɗabi'a da nake so ki rage in kina yi: "Ce Baba. Ce Mama. Ce mana!" Jarrabawa ce wannan, kuma yara da yawa rufe baki suke in an matsa. Abin da ya fi shi ne ki bi idonsa. Ya kalli kaza, ki ce "kaza! Ga kaza. Kaza tana cin tsaba." Gajeru, a hankali, kalmar tana dawowa sau biyu sau uku. In ke kina nuna masa mota shi hankalinsa na kan kaza, kazar za ki bi, don sunan da ya faɗo kan abin da yake kallo shi ke zama. Ki riƙa ba shi zaɓi, ayaba a hannu ɗaya, ƙosai a ɗaya, "ayaba ko ƙosai?" Wanda ya kalla ko ya miƙo wa hannu, ki faɗi sunansa ki ba shi. Kuma ki daina riga shi. Uwa mai tsananin kula takan miƙa abu tun yaro bai nema ba, sai ya zama ba shi da dalilin nema. In ya fara kalmomi ya ce "uwa" yana nufin ruwa, kada ki ce ba haka ba ne, kada kuma gidan duka ya koma cewa "uwa". Ki ce "eh, ruwa, ga ruwa". In ya kai ga kalma ɗaya ki mayar masa da biyu, in ya kai biyu ki mayar da uku.

Waƙoƙin reno da na tafi da kika gada wurin mahaifiyarki, ki yi ta maimaita su har ya haddace, sannan wata rana ki tsaya dab da inda ya fi so, ki dube shi. Zai yi zillo ko ya yi ƙara don ki ci gaba. Haka wasan rufe fuska da mayafi a buɗe. Kayan wasa kuwa kada ki sa wa mijinki nauyi. Murfin tukunya da ludayi, ƙoƙo, robar da aka wanke, kwali, hoton kalanda, hotunan 'yan'uwa, duk sun isa, muddin ba ƙaramin abin da zai haɗiye ba ne ko mai kaifi. Abin wasa mai batir da ke waƙa shi kaɗai ya fi burge babba a kan yaro. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 zuwa 1987, aka ɗauki yara 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar, ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajensu awa ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka nemo yaran, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa irin wannan ziyarar ta wasa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba kuɗi aka raba musu ba, hira da wasa aka koya wa uwayensu.

Duk wannan da na faɗa yana kan sharaɗin kunne yana ji, kuma nan ne nake so ki buɗe naki kunnen. A ƙasarmu yawancin jarirai ba a gwada jinsu a wurin haihuwa, sai yaro ya kai shekara 3 ko 4 ba magana tukuna a kawo shi, alhali ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Ki tuna baya. Ya yi shawara mai tsanani a satin farko, idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa? Ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, ko bakwaini ne? Ya yi sanƙarau ko ƙyanda? Kunnensa yana zubar da ruwa ko mugunya? An taɓa yi masa allurai irin su jentamaisin ba bisa umarnin likita ba? Akwai wanda aka haifa ba ya ji a danginki ko na babansa? In ɗaya daga ciki ya faru, a gwada jinsa ko da kina ganin lafiya lau yake. Gwajin gida na buga kwano a bayan yaro yana yaudara, don yana iya ganin inuwarki ko ya ji girgizar a jikinsa ya waiwayo. Kuma jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, yana "aaa" a watannin farko kamar kowa. Gwarancin "ba-ba-ba" ne yake makara ko ya ƙi zuwa, shi ya sa na ji daɗi da kika ce naki yana yi. Gwajin na'ura ba ya ciwo, yana barci ma ake yi. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In ma an tarar yaro ba ya ji, ba a jira: na'urar ji in za ta yi amfani, da maganar hannu tun yana ƙarami, gidan duka su koya. Abin da ke cutar da kurma shi ne ya yi shekarun farko ba harshe ko ɗaya, na baki ko na hannu.

Hanya mai sauƙi ta lura ita ce ki haɗa da katin riga-kafi. Kun wuce na wata 9, lokacin da ake son yaro yana gwaranci, yana waiwayowa in an kira shi, yana bambanta baƙo da na gida. Zuwa cikar shekara ki duba ko yana ɗaga hannu ya yi ban kwana, yana dakatawa in an ce "a'a", yana miƙo abu ya nuna miki. Ranar allurar wata 15 ki tambayi kanki ko yana nuni da yatsa, yana ƙoƙarin kalma ɗaya ko biyu ban da Mama da Baba. A wata 18 ana son 'yan kalmomi, kuma ya bi umarni mai sauƙi kamar "kawo takalmi" ba sai an nuna masa ba. A shekara 2 ya haɗa kalma biyu, "ba ruwa", "Baba tafi". Wanda ya gaza ɗaya daga ciki da 'yan makonni ba abin tashin hankali ba ne. Amma yaron da ba ya haɗa ido, ba ya nuni, ba ya kawo abu don a gani tare, ba ya amsa sunansa alhali yana jin motsin leda daga wani ɗaki, a kai shi wurin likitan yara a duba ko lalurar otizim ce, wato lalurar da ke shafar mu'amalar yaro da mutane da maganarsa. Wanda kuma ya fara kalmomi ko alamu sannan ya daina, wannan ba a kwana da shi ana shawara, ko watansa nawa.

Za a ce miki namiji ne, maza ba sa magana da wuri, ko babansa ma sai da ya shekara 3. Bambancin maza da mata a nan ɗan kaɗan ne, bai kai a zauna jira ba, kuma jinkirin magana a dangi dalili ne na a duba da wuri, ba na a share ba. Za a kuma ce linzami ne, a kira wanzami. Linzami na gaske yana iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba ya hana yaro fahimta, ba ya hana nuni, ba shi ke hana kalma fitowa ba. Yankan gida kuwa ga zubar jini ga shigar ƙwayoyin cuta, har da tsinkau-tsinkau. In ana zargin linzami, likita ya duba.

Ki kula da cikinsa ma, don yaron da jininsa ya yi ƙasa ko tamowa ta taɓa shi ba ya da kuzarin hira: nono ya ci gaba, a haɗa da ƙwai, wake, kifi, hanta, ganye, ba kunu zalla ba. Ke ma haka. In tun haihuwar nan kina jin zuciyarki a cunkushe, ba kya jin daɗin komai, yi masa murmushi ma aiki ne, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Lalura ce sananniya bayan haihuwa, tana da magani, kuma ba rashin godiyar Allah ba ce.

Shi kuma babansa kada ki ce masa katun ɗinsa banza ne, zai ji ba daɗi ya janye gaba ɗaya. Aiki za ki ba shi. In ya dawo da yamma ya ɗauke shi ya fita da shi ƙofar gida na minti goma, wayar tana aljihu, duk abin da yaron ya kalla ya faɗa masa sunansa, babur ne, tinkiya ce, mai rake ne. In Turancin yake so, ya yi masa da bakinsa.